Me ya sa ma'aikatan asibiti ke ja da baya ga allurar girip? Amsa ga wata majo daga Tawa

"Assalamu alaikum Likita. Ni majo ce, wato shugabar ma'aikatan jinya, a sashen yara na wani asibiti a Tawa. An sanar da mu cewa wasu abokan hulɗa za su kawo allurar rigakafin mura mai tsanani, wato girip, kyauta don ma'aikata kafin shigowar sanyi, aka ce in rubuta sunayen masu so. Takardar ta daɗe a kan tebur, waɗanda suka sa suna ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Wasu sun ce mura ba ciwo ba ce, wasu sun ce allurar ce ma ke sa mura, wata kuma ta ce tun daga ta korona ta rantse. Ni kaina zuciyata biyu. Me ya sa mu da ke yi wa ƴaƴan mutane allura kullum muke gudun tamu? Kuma in matsa musu ne ko in ƙyale su?"

Wa'alaikumus salam Majo, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba yaranku lafiya. In na fahimce ki, kina son sanin abin da ya sa mutanen da suka fi kowa sanin darajar rigakafi a garin suke noƙewa in an zo kan wannan allura, sannan ke da aka ɗora wa takarda, me ya kamata ki yi da su. Na daɗe ina duba yara a Yamai, kuma duk maganganun da kika kawo na ji su a ɗakin gardi, wato ɗakin masu aikin kwana, daga bakin mutanen da ba na shakkar iliminsu ko tausayinsu. Don haka ki cire wa ranki cewa jahilci ne. A ganina ma'aikatanmu ba sa tsoron girip ne saboda ba su taɓa ganinta da sunanta ba, sauran dalilan kuma a kan wannan suke hawa.

Ciwon da ba ya shiga rajista

Majinar da muke fama da ita duk hunturu, atishawa da toshewar hanci da ɗan ƙaiƙayin maƙogwaro, ƙwayoyin cuta iri-iri ne ke kawo ta, kuma abokan aikinki sun yi gaskiya, mutum na iya aikinsa da ita. Girip daban take. Birus ɗin infuluwenza ne ke kawo ta, nau'in A ko nau'in B, kuma farat ɗaya take kayar da mutum. Da safe lafiya lau, kafin la'asar masassara ta rufe shi, kai na sara, gaɓoɓi sun yi tsami, ga busasshen tari. To ki duba, wane ciwo muke fara kawowa a rai in mutum ya zo da waɗannan alamu? Palu, wato zazzaɓin cizon sauro. Sai a soki yatsa a yi TDR, gwajin palu na gaggawa. In layi biyu ya fito, shi ke nan an rubuta zazzaɓin cizon sauro, alhali bayan damina mutane da yawa na yawo da ƙwayar a jini ba tare da ita ce ta kwantar da su ba. In layi ɗaya ya fito, a rubuta ciwon hanyar numfashi, a haɗa shi da amoksisilin da parasetamol ya tafi. Ki buɗe rajistarku ta watan Janairu ki ga sau nawa aka rubuta girip.

Tabbatar da ita sai an ɗebo majina daga can cikin hanci da tsinken auduga, an kai ɗakin gwaji mai na'urar PCR da ke gano birus ɗin. A ƙasarmu cibiyar CERMES da ke Yamai ce ke wannan aiki. Tun 2009 take karɓar samfuri daga wasu zaɓaɓɓun asibitoci, kuma aikinsu ya nuna birus ɗin na yawo a Nijar, ya fi yawa a watannin sanyi, wajen Janairu da Fabrairu. Sai dai wannan gwaji na sa ido ne a kan ƙasa baki ɗaya. Sakamakon ba ya dawowa bakin gadon mara lafiya a kan lokaci, balle infirmiye ta ce yau na ga mai girip da idona.

Ki tuna da sanƙarau. A 2015, lokacin da annobar ta mamaye Yamai har aka rufe makarantu, babu wanda aka yi wa lallashi. Iyaye ne ke bin farmasi-farmasi suna neman allura da kuɗinsu, domin kowa ya ga yaron da wuyansa ya ƙage. Gani ya kori ji. Ita girip in za ta kashe, da sunan wani ciwo take kashewa. Yaro ya rasu a rubuta ciwon huhu, tsoho ya rasu a ce zuciya ce ta gaza, mai ciwon suga a ce sugan ne ya tashi. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa kowace shekara mutum miliyan 3 zuwa 5 ke yin girip mai tsanani, kuma tsakanin 290,000 da 650,000 ke mutuwa da matsalar numfashin da ta jawo. A cikin yara ƴan ƙasa da shekara 5 da ke mutuwa da ita, kashi 99 cikin 100 a ƙasashe masu tasowa suke. Namu ne, ba a dai rubuta sunan ciwon a takardarsu ba.

Juriyar da muke yabo

Akwai wata ɗabi'a a aikinmu da ta fi damuna a kan duk jita-jitar WhatsApp. Ma'aikaciyar da ta zo gardi da masassara, yabonta muke yi, mu ce wance akwai juriya. Ita ma ba ta da zaɓi, don in ta kwanta a gida babu wanda zai riƙe daren. Ke kin san wannan hoto fiye da ni. Ƙarfe biyu na dare a CRENI, sashen jinyar yara masu tamowa mai tsanani, yaro mai tamowa ya fizge tiyon hancinsa, lokacin madara ya yi. Infirmiyar ta haɗiyi parasetamol tun magariba, takunkumin ya sauko ƙarƙashin haɓa saboda numfashi na yi mata wuya. Ta sunkuya tana auna tiyon daga tsinin hancin yaron zuwa kunne, daga kunne zuwa ƙahon zuci, fuskarta da tasa bai kai taƙi ɗaya ba. Tari ya taso mata, ta kau da kai ta yi a kafaɗa, ta share hanci da bayan hannu, ta yanko filasta ta manne tiyon a kumatunsa. Babu mai imanin da zai ga laifinta. Amma girip na ɗaukar kwana 1 zuwa 4 kafin ta bayyana, kuma in jibi numfashin yaron ya fara sauri, za mu rubuta ciwon huhu mu ƙara antibiyotik, ba wanda zai waiwayi daren shekaranjiya.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne mutum na iya yaɗa birus ɗin kwana ɗaya kafin ya ji komai a jikinsa, ya ci gaba har kwana 5 zuwa 7. Wasu ma ba sa kwanciya ko kaɗan. An yi wani bincike a asibitocin Gilasgo, aka wallafa a 1996, inda aka auna jinin ma'aikata kafin sanyi da bayansa. Kashi 23 cikin 100 jininsu ya nuna sun kamu a wannan kakar, kuma fiye da rabin waɗannan ba su tuna sun yi girip ba. Saboda haka wanda ya ce miki shi bai taɓa yi ba, da gaskiyarsa yake faɗa, jikinsa ne bai sanar da shi ba.

Su kuwa yaran da ke hannunku su ne mafi rauni. Jaririn da bai kai wata 6 ba, ba a yi masa wannan allura sam. Mai tamowa da mai sikila da mai fuka, ƙaramin ciwo ke jefa su ƙarƙashin oksijan. Kariyarsu tana jikin manyan da ke kewaye da su ne. Wannan ne ya sa OMS ta sa ma'aikatan lafiya cikin waɗanda ya kamata a fara yi wa, tare da masu juna biyu, tsofaffi da masu ciwon da ba ya rabuwa da mutum.

Abin da suke faɗa, da abin da ke cikinsa na gaskiya

Mai cewa allurar ce ke sa mura, akwai abin da ya gani. Allurar da ake yi a dantse ba ta da birus mai rai, ba za ta iya haifar da girip ba. Amma dantse na yin tsami, wasu su ji ɗan zafin jiki da kasala kwana ɗaya ko biyu. Sannan jiki na buƙatar kamar sati 2 kafin kariyar ta kankama, ga shi ana yin allurar daidai lokacin da ƙura ta taso kowa na majina. Mutum ya karɓa ran Litinin, Alhamis majinar hunturu ta kama shi, dole ya haɗa su. Maganin wannan shi ne a faɗa masa tun kafin a soke shi: za ka iya yin majina bana kamar kullum, wannan allura ba ta san da ita ba.

Mai cewa ba ta aiki, shi ma kada ki ƙaryata shi gaba ɗaya. Birus ɗin na sauya kama kaɗan-kaɗan kowace shekara. OMS na da jerin ɗakunan gwaji a duniya da ke bibiyarsa tun 1952, kuma duk watan Fabrairu masana ke zama su zaɓi nau'ukan da za a sa cikin allurar arewacin duniya, a watan Satumba kuma na kudanci. Hasashe ne, don ana buƙatar watanni kafin a gama haɗa allurar, yawanci a cikin ƙwan kaji. Shekarar da hasashen ya dace, tana rage haɗarin kamuwa da kashi 40 zuwa 60 cikin 100. Shekarar da birus ya zille, abin na faɗuwa ƙasa sosai, kamar kakar 2014 zuwa 2015 a Amurka da aka samu kashi 19 kawai. Wanda ya saba da allurar ƙyanda ko ta shawara, wadda kariyarta ke da ƙarfi kuma take daɗewa, dole ya raina wannan, ga shi kuma ana cewa ya sake kowace shekara. Ni abin da nake ce musu shi ne, sange ma ba ya hana palu ɗari bisa ɗari, amma babu ɗayanmu da ya taɓa ce wa uwa ta naɗe shi ta ajiye.

Wadda ta rantse tun daga korona, ita ce ke buƙatar a zauna da ita. An fara allurar korona a Nijar a ƙarshen watan Maris na 2021, ma'aikatan lafiya na sahun gaba. Kafin nan an rufe masallatai da makarantu, an ce mana gawa za ta cika titi, sai Allah ya taƙaita, waɗanda aka tabbatar sun rasu ba su wuce ƴan ɗaruruwa ba. Da yawa daga cikinmu sun fita daga wannan shekara da jin cewa an tsorata su fiye da ƙima, kuma duk wata allurar ciwon numfashi da ta zo daga waje yanzu tana biyan bashin wancan. Ƙarƙashin wannan akwai tsohon miki. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ya faru da gaske, kuma ƙauracewa allurar shan inna da aka yi a arewacin Najeriya a 2003 labarinta ya tsallako ta Ƙonni da Maraɗi ya shiga gidajenmu. In kika ce mata duk ƙarya ne, kin rasa ta. Gara ki ce mata allurar girip ba sabuwa ba ce, tun shekarun 1940 ake yin ta, kuma matsalolinta a rubuce suke ba a ɓoye ba. A 1976 a Amurka wata allurar girip ta jawo ciwon shanyewar jijiyoyi na Guillain-Barré ga kamar mutum 1 cikin 100,000. Da allurar yanzu abin bai wuce 1 ko 2 cikin miliyan ba, kuma girip ɗin kanta tana jawo wannan ciwo. Wata mai suna Pandemrix da aka yi amfani da ita a annobar 2009 an danganta ta da ciwon narcolepsy, wanda ke sa barci ya riƙa kwashe mutum farat ɗaya, ga yara a Finlan da Suwidin, an kuma daina amfani da ita. Ma'aikacin lafiya ya fi yarda da wanda ya gaya masa aibin abu da bakinsa.

Masu ciki a cikin ma'aikatanki za su tambaya, ko ba a gabanki ba. Ana yin ta a kowane wata na ciki. Binciken da aka yi a Bamako daga 2011 zuwa 2014 ya nuna uwar da aka yi wa tana miƙa wa jaririnta kariya a watanninsa na farko. Mai tambayar ko akwai sinadarin alade, wadda ake fesawa a hanci ce ke da shi, ki ba shi takardar cikin kwalin taku ya karanta da kansa.

Sai dalili na ƙarshe, wanda ba kasafai ake faɗa a taron safe ba amma ana faɗa wajen shayi. Allurar girip ba ta cikin jadawalin PEV, wato shirin rigakafi na gwamnati. Wanda ke so sai ya saya a farmasi in an dace akwai, kuma yawancin waɗanda na gani sun yi maniyyata ne, don Saudiyya na ba alhazai shawarar yin ta. Ma'aikaci sai ya ce, da tana da muhimmanci da gwamnati ta sa ta cikin jadawali. Wani kuma ya ce, safar hannu ma sai an yi rowa, yau kuma an damu da lafiyata? Wannan ƙorafi yana da tushe. In da ni za a tambaya wace allura ce ma'aikacin asibiti a Nijar ya fi buƙata, ta ciwon hanta nau'in B zan fara cewa, saboda yawan masu ɗauke da shi a yankinmu da yawan sukar allura a wurin aiki. Ki gaya wa waɗannan abokan hulɗa haka. Ranar da ma'aikata suka ga an saurari tasu buƙatar, za su fi sauraron ta wasu.

Iyakar abin da bincike ya tabbatar

Cewa allurar na kare shi ma'aikacin da aka yi wa, wannan tabbatacce ne. Cewa tana rage mutuwar marasa lafiyar da yake kula da su, hujjar ba ta kai ƙarfin yadda wasu ke faɗa ba. Wani bincike a gidajen jinyar tsofaffi na Sikotilan da aka wallafa a 2000 ya samu mutuwar tsofaffin kashi 13.6 cikin 100 inda aka yi wa ma'aikata tayin allura, da kashi 22.4 inda ba a yi ba. Amma masana na ƙungiyar Cochrane da suka sake nazarin irin waɗannan bincike sun nuna akwai rauni a yadda aka tsara su. Kuma gidan tsofaffi a Turai ba sashen yara ba ne a Tawa, inda uwa da kaka da ƴan dubiya ke shiga da fita, kowa da tarinsa. Ko duk ma'aikatanki sun yi, birus zai shigo ta ƙofar ƴan dubiya. Abin da allurar za ta yi shi ne ta rage hanya ɗaya, wadda ta fi kusa da fuskar yaro kuma take bi gado-gado, ta kuma rage miki yawan waɗanda za su kwanta lokaci guda a tsakiyar Janairu.

A matsa ko a ƙyale?

Tilas na aiki a inda aka shirya mata. Asibitin Virginia Mason da ke birnin Siyatil na Amurka ya mai da allurar sharaɗin aiki a 2005, masu karɓa suka haura kashi 98 cikin 100. A Faransa kuwa an sa wajabcin cikin doka, aka dakatar da shi a 2006, kuma ma'aikatan asibitinsu da ke karɓa ba su kai rabi ba. Kin ga ja da bayan ba namu ba ne mu kaɗai. A wurinmu ban ba ki shawarar tilas ba. Allurar da ta zo bana a matsayin kyauta, ba ki da tabbacin za ta zo baɗi, ba a kuwa wajabta wa mutane abin da ba za a iya kawo musu kowace shekara ba. Abin da ya fi wannan, infirmiyar da aka soka tana jin haushi ita ce gobe za ta zauna gaban uwa da karnen rigakafi, wato katin allurar yaro, a hannu. In uwar ta ce mijina ya hana, da wace zuciya za ta rarrashe ta? Yardar ma'aikata ita ce jarin PEV gaba ɗaya, ba zan sayar da ita don allurar da kariyarta rabi ce ba.

Ƙyalewa ma ba daidai ba ce, kuma takarda a kan tebur ƙyalewa ce. Mutum na da gado ashirin a kansa, ba zai bar su ya je neman inda ake allura ba. Abin da na ga yana aiki shi ne allurar ta biyo mutane cikin akwatin sanyi har sashensu, safe da rana da dare, kada a manta da ƴan gardi. Babban likita da ke kanki ku fara miƙa dantse a taron safe kowa na gani. A ajiye kwalin a tebur, duk mai so ya duba lambar rukunin allurar da ranar lalacewa. A sa masu shara da ƴan istaji da masu aikin sa kai da direban ambilans, don su ne suka fi yawo tsakanin sassa kuma su ake fara mantawa. Kada ki yi wa ƙungiyar gardi ɗaya duka a rana ɗaya, saboda in biyu suka tashi da zafin jiki washegari, labarin zai riga ki isa sauran sassa. Kowa ya zauna minti 15 bayan allura, adirenalin na kusa, kuma duk wanda ya ji wani abu a cika masa takardar MAPI, ta rahoton matsalar bayan allura, a gabansa ya ga ba a raina kukansa ba.

Ki tsaya kai da fata a kan lokaci da sanyi. Oktoba ko Nuwamba ya kamata a yi, don kariyar ta kankama kafin Janairu, kuma tana raguwa da watanni. In kayan suka makara har Maris, amfaninsu na wannan kakar ya ragu ƙwarai, ki faɗa wa masu kawowa haka ba kunya. A ajiye tsakanin digiri 2 da 8, kuma wadda ta daskare ta lalace ko da idonki bai ga sauyi ba. Wanda ke cikin masassara mai zafi a jira ya warke. Wanda ya taɓa yin mummunan borin jini bayan allurar girip kada a sake masa.

Ke kanki da kika ce zuciyarki biyu, shawarata ki yi, in ba ki cikin waɗannan biyun da na ambata. Ni duk shekarar da na same ta ina yi. Waɗanda suka ƙi bayan an yi musu bayani, kada a kira sunansu a taro, kada a yi musu gori. Ki roƙe su abu ɗaya, wanda ya hau kan waɗanda suka karɓa ma: duk wanda ya tashi da masassara da tari ya faɗa miki, ya sa takunkumi ya rufe hanci da baki, ki janye shi daga CRENI da ɗakin jarirai na waɗannan kwanaki, ki mai da shi wajen rajista ko haɗa magunguna in ba zai iya kwanciya a gida ba. Wannan ba zai yiwu ba sai jadawalin gardi na da wanda zai maye gurbi, don haka ki kai wa babban likitanku maganar tun yanzu, ku fitar da sunayen masu canji na Disamba zuwa Fabrairu kafin ƙura ta taso.